Babin da Alhaji Sabo Bai Ji Ba

Talata da dare, 18 ga Nuwamba 1997, Treichville

Yau na sauko daga duwatsun garin Man da littafin da nake rubutawa a kammale. Daga tashar Adjamé ban zarce gida ba, sai rumfar Alhaji Sabo mai goro, tunda shi nake fara karanta wa kowane babi. Na tarar da ita a rufe. Maƙwabcinsa ya riƙe hannuna, ya jajanta mini da kalmar mutanen nan, ya ce, "Yako, Malam. Ai tun makon jiya Allah ya yi masa rasuwa."

Na shigo gida ina faɗa, me ya hana a aiko mini? Matata ko murya ba ta ɗaga ba. "Malam, kai ka ce ko gobara ce kada a neme ka."

Haka na ce kuwa. Ina can ina more sanyi da shiru, nan ana sallatar gawarsa.

Ran da zan tafi, Alhaji ya roƙe ni in faɗa masa ko Larai ta cikin labarin za ta koma wurin uwarta. Na yi dariya, na ce ya jira.

Ta koma, Alhaji. Da kashe ta zan yi, don kai na fasa.