Katangar da Na Gina a Kan Magudana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Ni Ɗanjuma Jalo, maɗinkin manyan riguna a Ƙofar Jatau cikin birnin Zariya, na rubuta wannan da hannuna a watan Sha'aban, farkon shekarar 1996, ina cikin hankalina sarai. Ƙafafuna ne suka kumbura, kaina lafiya lau. Wasiyya ce zuwa ga 'ya'yana uku, Ja'afaru da Binta da Idi.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba shi, ku kira malamai su yi aikinsu. Roƙona kawai, kekunan ɗinki biyu su faɗa cikin rabon Idi, domin shi ya zauna ya koyi sana'ar. Ja'afaru ko zare bai iya sa wa allura ba. Mahaifiyarku Hajiya Ladi ta ci gaba da zama a ɗakinta, kada wanda ya ɗaga mata ko tabarma.

Na biyu. Daga sulusin da shari'a ta bar mini, a rushe katangar gabas ta zaurena, a ja ta baya taku huɗu, a buɗe magudanar ruwan da ke ƙarƙashinta. Na san za ku ce lafiyarta ƙalau. Ku saurari yadda aka yi.

A 1990 na tsaya takarar kansila. Ranar da na tara jama'a a dandalin unguwa ina zuba alkawari, Malam Labaran ya miƙe. Kun san shi: abokina tun makarantar allo, kuma surukin Binta, tunda ɗansa Bala take aure. Ya ce a gaban kowa, mutumin da ya ɗora katanga a kan magudana har ruwan damina yana kwana a ɗakunan maƙwabtansa, ya fara gyara bayan gidansa kafin ya nemi gyara unguwa. Aka yi dariya. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Abin da ya fi ƙona mini rai, gaskiya ya faɗa, kuma na sani tun a wurin.

Da a ce na koma gida na sa an kawo diga, da maganar ta mutu a ranar. Sai na saurari masu zuga. Na kira maroƙa na yi musu kyautar riguna, suka zagaya lungu-lungu da kalangu suna yi wa Labaran zambo. Ban ce su taɓa mahaifiyarsa ba, amma da suka taɓa ta ban hana ba. Suka rera cewa baƙauya ce da ta shigo ta Ƙofar Doka da itace a ka. Tsohuwar tana raye, tana ji daga tsakar gida. Matar da ta sha dama mini fura ina yaro! Daga ranar ba ta ƙara leƙa waje ba har ta rasu. Ban je ta'aziyya ba. Mutane suka ce girman kai ne, alhali kunya ce ta hana ni.

Na uku. A ƙarƙashin akwatina akwai wani littafi mai jan bango. Zaɓen wancan lokaci na ƙato-bayan-ƙato ne, kowa ya tsaya a layi bayan hoton wanda yake so, ido na ganin ido. Na ci da ratar ƙuri'a goma sha ɗaya, amma maimakon godiya ga Allah sai na zauna na rubuta sunan duk wanda na gani a ɗaya layin. Na daina gaishe su, suka daina kawo mini ɗinki. Idi, kai na ɗora wa wannan: ka ƙone littafin, kada ka buɗe, kada ka bai wa yayanka. Akwai sunayen da in ya gani ba zai iya ci gaba da yi musu murmushi ba.

Na huɗu, kuma kai nake nufi, Ja'afaru. Ka fito neman kujerar da na zauna a kai, ban hana ka ba. Ina ji daga shimfiɗata ana ce maka ɗan mai katanga, kuma na ji abokanka suna raɗa a zaure cewa a nemo makaɗa a rama. Na san zuciyarka, tawa ce ka ɗauko, ba ta da wuyar tafasa. Duk wanda ya soke ka a bainar jama'a, ka kwana ɗaya kafin ka buɗe baki. Da safe ka tambayi kanka ko gaskiya ya faɗa. In gaskiya ce, ka gyara a inda kowa zai gani, ka je har gida ka yi masa godiya ko da maƙogwaronka yana ɗaci. In ƙarya ce, ka faɗi yadda abin yake sau ɗaya, da bakinka, ka wuce. Kada ka ambaci uwar kowa ko asalinsa, kuma kada ka bari a ambata da sunanka. Katangar nan ka rushe ta kafin ka ƙara manna hotonka ko ɗaya. Kana iya faɗuwa zaɓen duk da haka. Ni na ci, ga abin da cin ya bar mini: shekara biyar ina sauya hanya in na hango abokina.

Na biyar. Sau uku na sa hula zan tafi gidan Labaran, sau uku ina juyowa daga bakin masallaci. Yanzu ƙafar ta ƙi. Ku ukun ku je tare, Ja'afaru a gaba, ku karanta masa wannan takarda duka, kada ku tsallake layi. Ku ce ina roƙon gafararsa, da ta mahaifiyarsa da ba ni da sauran hanyar roƙa. In na riga na cika, ina so ya kasance cikin masu sa ni a kabari. In ya ƙi, kada wanda ya ga laifinsa. Ku gaishe shi da ladabi, ku dawo ku binne ni.

Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan magabatanmu, ya haɗa kanku. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada kujera ta raba abin da ciki ɗaya ya haɗa. Ke kuma Binta, shekara biyar kina shigowa gidan ubanki ta ƙofar baya don kada mijinki da ni mu haɗu, ba ki taɓa yi mini ƙorafi ba. Ina gani, na yi kamar ban gani ba. Ki yafe mini, 'yata. Gobe ki shigo ta zaure, ke da Bala.