Na ce turakun Malam Lawal suna tsaye, alhali ban je ba

Assalamu alaikum. Ina gaishe da mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Abin da ke cina a rai ma ya ishe ni.

Ni malamin sakandare ne a wani gari tsakanin Batsari da Safana, ina koyar da labarin ƙasa. Wanda ya koya mini aikin babban abokin aikina ne, zan kira shi Malam Lawal. Ba ya yarda yara su koyi zaizayar ƙasa a allo kaɗai. Yakan ce ƙasar da ba ta taɓa ɓata maka wando ba, ba ka san ta ba. Yamma da garinmu akwai kwazazzabo da ruwa ya haƙa, kowace damina yana matsowa wajen maƙabarta. Can yake kai ɗalibai su kafa turaku a jere daga bakin ramin, taki ɗaya tsakanin kowane biyu. Idan aka yi ruwan farko sai a koma a ga waɗanda suka faɗa. In sun yi yawa, ya gaya wa mai unguwa, a kira gayya, a jera buhunan yashi, a dasa gamba. Dole a yi haka kafin noman farko, don da zarar ciyawa ta fito ba ka samun kowa a gari.

Malam Lawal ya rasu da ranin bana bayan gajeriyar jinya. Muka binne shi a wannan maƙabartar, a layin yamma. Turakun bana ma shi ya kafa su da yaran, yana tari. Ajin ya dawo hannuna.

Da ruwan farko ya sauka, shugaban makaranta ya ce kada a fita da yara, ana ta jita-jitar an ga baƙin fuskoki. Na ce to, ni zan je ni kaɗai. Kuma na tafi, Allah ne shaida. Na wuce gidan ƙarshe, ina hango bakin ramin, sai na ji ƙarar babur daga wajen daji. Duk wanda ke wannan yanki da 'yan bindiga suka addaba ya san abin da wannan ƙarar take yi wa zuciya. Nan take na juyo. Daga baya na ji ashe wani mai itace ne. Da la'asar, a ƙofar masallaci, gaban mutane, mai unguwa ya tambaye ni yaya turakun marigayi. Me ya hana ni cewa tsoro ya koro ni? Wa zai zarge ni a garin da kowa ke tsoro? Amma bakina ya riga ni: “Ranka ya daɗe, duk suna tsaye.” Ya yi hamdala, ya ce bana an huta da gayya, kowa ya kama gonarsa. Haka na gaya wa ɗalibai. A raina na ce gobe zan je, in na ga wani abu sai in gyara magana. Goben ba ta zo ba, don in na dawo da wani labari dabam, me zan ce game da na farko?

A tsakiyar damina aka yi ruwa mai ƙarfi, kwazazzabon ya cinye gefen maƙabarta. Ba zan faɗi abin da muka tarar ba. Layin yamma aka sake wa makwanci, har da Malam Lawal. Ina cikin waɗanda suka riƙe sabon likkafaninsa.

Yanzu gari ya ɗora laifin a kan turaku. Ana cewa aikin boko ne, da ido aka bi kamar yadda iyaye ke yi, da ba a kai ga haka ba. A wurin mai shayi wani ya ce Malam ya daɗe yana auna rami, shi ne rami ya zo ya auna shi. Aka yi 'yar dariya, aka yi istigfari. Ina zaune a wurin, kofi a hannuna. Shugaban makaranta ya ce an daina fita ke nan har abada. Shugabar ajin kuwa, yarinya mai natsuwa, ta tare ni ta ce: “Malam, ko mu ne muka kafa su ba daidai ba?” Na ce mata ƙaddara ce. Wallahi ban iya kallon idonta ba. Ga shi matar marigayi ta aiko mini da igiyar awonsa, da saƙon cewa ya sha gaya mata ni ne zan riƙe aikin bayansa.

Tun ranar ba na iya zama wuri ɗaya. In hadari ya haɗu sai in fita tsakar gida ina kai da kawowa. In na faɗi gaskiya, za a wanke sunan marigayi, yaran su daina zargin hannuwansu, wataƙila baɗi a sake kafa turaku. Amma da wane ido zan kalli waɗanda aka tone iyayensu? A garin nan nake sallah, a nan 'ya'yana suke. In kuma na yi shiru, ramin bai tsaya ba, kuma ba mai sake duba shi.

Igiyar tana rataye a ɗakina, har yanzu da jar ƙasa a jikinta. Wa zan fara tunkara, mai unguwa, ko matar marigayi, ko ajin? Jama'a, don Allah, me zan yi?