Saƙar Bahago

Zuwa ga sanyin idaniyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randa bayan doguwar tafiya, matata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yau kwana huɗu ke nan da na kai ki gidan iyayenki hutun ƙarshen shekara, kuma tun da na dawo ɗakinmu ya koma kamar shagon da aka kwashe wa kaya. Takalmanki na nan a bakin ƙofa, ina tsallake su safe da yamma, na kasa kawar da su. Shayin mutum biyu nake dafawa in zubar da rabi. Ina son ki, kin sani, irin son da ba ya jin magana. Da wannan na fara saboda abin da ke tafe ba shi da daɗi, kuma ba na so ki kai tsakiyar takarda ki ce soyayyar ce ta ragu. Tana nan yadda kika bar ta. Haƙurina ne ya zo wuya.

Da gangan na ƙi kiran ki a waya. Da zarar muryarki ta shiga kunnena sai in mance abin da ke raina, in ce to, in ce babu komai. Shi ya sa na ba direban motar layinku wannan wasiƙa, tare da ƙunshin da za ki gani.

Kin tuna ranar da kika fara ganina da kwarashi? Ƙarfen gini ya faɗo mini a ƙafa, na yi wata huɗu a kwance, tsaki nake yi tun safe har yamma. Mahaifiyata ta gaji, ta miƙo mini dunƙulen ulu da kwarashinta, ta ce in ba hannuna aiki tun kafin bakina ya kore ta daga gidan. Kika zo dubiya, lokacin ko maganar aure ba mu fara ba, kika same ni ina kokawa da wata hula da ta fi kama da buhun albasa. Na so in tura ta ƙarƙashin filo, ban samu dama ba. Ba ki yi dariya ba, masoyiyata. Kujera kika jawo, kika rataya zaren a hannuwanki biyu ina naɗewa, kika ce, "Ashe hannun da ke narka ƙarfe ya iya lallashi." A ranar na yanke a raina cewa idan ba ke ba, to babu kowa. Ina wannan yarinyar ta shiga? Wa ya karɓe mini ita a hanyar gidanku ya ba ni wata?

A shekararmu ta farko na saƙa wa kowa na gidanku abinsa. Muna dab da ƙofa kika riƙe hannun rigata kika ce, "Don Allah ka bari in ce ni na yi, ba ka san halin Yaya ba." Na bari, don amarci ne, kuma na ɗauka maganar shekara ɗaya ce. Bana ta uku. Yanzu kam na san halin Yaya, kuma wallahi ban ga abin tsoro a cikinsa ba.

Wannan babban yayan naki da kike rawar jiki a gabansa, mene ne shi? Mutum ne da ƙwan fitila ke mutuwa a ɗakinsa ya yi wata uku yana jiran in zo hutu. Ko zama ban yi ba yake karkaɗa makullin mota ya ce, "Mai walda, ka zo a daidai, ƙyauren ƙofar nan ya sake saki." Shekara uku bai taɓa kiran sunana ba. Tsarabarsa ga iyayen da suka haife shi kuwa, kofunan da aka raba musu a ofis ne, da tambarin kamfani ɓaro-ɓaro a jiki, ya naɗe su a takarda mai ƙyalli ya miƙa yana hura hanci. Shi ne ranar Lahadi ya kishingiɗa a falo, ya naɗa abin wuyan da na saƙa har zagaye uku, alhali ko iska ba ta motsi a ɗakin, ya shiga ba da labarin wani abokin aikinsa da aka gani yana saƙa. Ya ce, "Namijin da ya riƙe kwarashi ai sai a ɗaura masa zane, a ba shi ludayi." Falo ya ɗauki dariya. Yana dariyar, haɓarsa tana nutsewa cikin aikin hannuna.

Dariyarsa ba ta dame ni ba. A gareji ma sai da aka yi mako guda ana yi mini ita, yau ga maigidanmu can da hular da na yi masa, ba ya cire ta ko a bakin wuta. Taki ce ta dame ni. Na ɗago daga inda nake durƙushe ina ɗaure wa Kaka ƙafar kujerarta, na ga haƙoranki a waje. Hasken raina, haƙoran nan da nake cewa sun fi farin wata, a kaina aka buɗe su.

Ga kuma Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ba a taɓa kawo zancen da ba ta fi kowa sani ba. Ta ɗauki jakar da na yi mata, ta riƙe ta a baibai, tana gyaɗa kai tana cewa ita ma a zamaninta gwana ce, kuma irin wannan laushin sai hannun mace. Hannun mace! Ga shi nan ina rubutu da shi, tabon wuta bakwai, farce biyu baƙi ƙirin. Kin fi kowa sanin yadda nake yi. Lokacin hutun cin abinci abokan aiki suna tafiya, ni ina bakin famfo ina wanke hannu da sabulu har sau uku don kada baƙin mai ya taɓa farin ulu, in shafa mai a yatsuna don kaushinsu ya daina kama zare, sannan in zauna a kan tsohuwar taya in fara. Hular Baba sau biyu na warware ta saboda ƙeyarsa ta fi goshinsa faɗi. Safar yaran gidan ƙafa shida, kowanne da launin da kika ce yana so. Tun watan tara nake abu ɗaya. Duk wannan aka tattara aka ce laushin hannun mace, kika sunkuyar da kai kina murmushin kunya kamar gaske.

Mutum ɗaya ce mai ido a gidan nan, ita ce kuma kika ce ba ta gani.

Kaka ta karɓi hular Baba, ta juya ta, ta bi layin haɗin da babban yatsanta tun daga tsakiya har baki. Ta ce, "Wannan saƙar bahago ce. Ku dubi inda layin ya karkata. Mai wannan aiki daga hagu yake tafiya zuwa dama." Sai ta sauke idonta a kan hannuna, sukudireba na riƙe a hagu, ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ko ba haka ba, angona?" Daɗi ya kama ni. Na ce a raina yau dai an huta. Kalma ɗaya ta rage ki faɗa, tsohuwa ta riga ta share miki hanya. Sai na ji kin ce, "Haba Kaka, idonki ne ya fara gajiya." Gwaggo ta cafe, ta ce ai ta daɗe tana faɗa, tsufa ya zo, a daina barin ta tana fita ita kaɗai. Matar da ta yi shekara hamsin tana saƙa, ta rufa wa 'ya'yanta da jikokinta jiki, aka mayar da ita mai ruɗewa a gaban kowa don kada Yaya ya taɓe baki. Ta ninke hular, ta ajiye a hannun kujera. Kin lura ko abincin ranar ba ta taɓa ba?

Na yi zaton kiran da kika yi mini washegari na ban haƙuri ne. Ashe Gwaggo ce ta ce ranar Asabar za ta zo da ulu ki koya wa 'ya'yanta mata, ke kuma ko ƙullin farko na saƙa ba ki iya ba. Kina kuka kina cewa in koya miki ko kaɗan ne ta waya, kuma mayafin Mama da ban ƙarasa ba in ƙarasa shi da hannun dama don Kaka ta daina magana. Na ce to. Kin ga abin da muryarki ke yi mini.

Kuma na gwada, Allah shi ne shaida. Kwana uku ina zaune a kan tayar nan, kwarashi a dama, ina zufa kamar mai ɗaukar siminti. Buɗe ƙunshin ki ga abin da ya fito. Gefe ɗaya ya tsuke, ɗaya ya saki, tsakiya ramuka kamar ɓera ya kwana a kai. Ban yi a jikin mayafin Mama ba, a ragowar zare na gwada, don ba zan ɓata wa matar da ta haife ki kaya ba. Na daɗe ina kallon tsumman nan jiya da rana, sai kunya ta rufe ni. Ƙato da ni, mai gemu, ina koyon lalata aikina don in burge mutumin da bai iya ɗaura ƙwan fitila ba.

Sannan ga abin da ke cikinki. Nan da wata uku, da yardar Allah, za mu zama mu uku a ɗakin nan. Yaro ba ya ɓoye magana. Zai tashi yana ganin ubansa da kwarashi kowace yamma, ranar da ya fara haɗa kalmomi kuma a falon gidanku zai zazzage. To me za ki yi? Shi ma ki ce idonsa ya gaji? Ko tun yana rarrafe za ki fara koya masa abin da ba a faɗa a gidan kakanni, ya girma da sanin cewa akwai wani abu a jikin ubansa da uwarsa ke jin kunya?

Ki yi wa Allah, farin cikina, ki dube ni da idon da kika dube ni da shi ina kwance. Ban nemi a tafa mini ba. Yabon Gwaggo ko a tire aka kawo mini ba na so, ra'ayin Yaya kuwa ko nauyin zaren da nake yankewa in yar bai kai ba. Su yi ta dariya har haƙarƙarinsu ya yi ciwo, su ɗaura mini zanen, in dai kina tsaye a gefena zan taya su ɗaurawa. Ke kaɗai nake so ki ce, wannan mijina ne, shi ya yi. Yaushe hakan ya zama dutsen da ba za ki iya ɗagawa ba?

Ga abin da na shirya, na faɗa miki tun yanzu don kada ki ce na yi miki ba-zata. Ranar Asabar zan shigo motar safe. Mayafin Mama yana cikin jakata, layi ɗaya na bakinsa na bari ban yi ba. Kwarashina zai kasance a aljihun gaban rigata, kansa a waje, inda kowa zai gani. Zan gaida Baba da Mama, in ɗaure wa Yaya ƙyaurensa kamar kullum, in wanke hannu, in zauna kusa da Kaka in ƙarasa layin nan da hagu. Idan 'ya'yan Gwaggo na son koyo, su jawo kujera.

Amma kafin nan akwai abin da ba ya jiran Asabar. Kina gama karanta wannan, ki shiga ɗakin tsohuwar nan, ki durƙusa, ki ce mata idonta lafiya lau. Ko da ba za ki iya sauran ba, wannan kam dole ne, don hakkinta ba nawa ba ne balle in yafe miki.

Ranar Asabar ɗin ki fito ki tare ni a ƙofa. Ba sai kin yi magana ba. Idan kika karɓi jakata muka shiga tare, shi ke nan, ba zan ƙara tayar da zancen shekaru ukun nan ba har abada. Idan kuma kika sa yatsa kika tura kwarashin cikin aljihu, ba zan yi gardama ba, ba zan kunyata ki a gidan ubanki ba, ni ba irin wannan ba ne. Zan gyara ƙyaure, in ci abinci, in yi dariya inda ake dariya. In mun dawo gida zan mayar wa mahaifiyata kwarashinta. Za ki samu mijin da kika daɗe kina nuna musu, mai walda, ba ya saƙa, ba ya ba kowa kunya. Zai ciyar da ke, zai kula da ke, ba zai taɓa ɗaga miki murya ba. Amma ba za ki ƙara riƙe masa zare ba, kuma ke kika zaɓa.

Kowanne kika ɗauka, zuciyata ba ta da wani gida sai naki, ba ta kuma neman wani, yau da gobe har ranar da za a rufe mini ido.

Naki shi kaɗai, mai jiran ganin ki a ƙofa,
Mijinki