Atishawar da Ta Sare Bishiyar Jemima

Fadaman Mada, Bauchi
Maris

Ƙanwata Ni'ima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da marasa lafiyar da kike dubawa a Gombe, ina sanar da ke a hukumance, a matsayinki na likitar zuri'a, cewa hancin babban wanki ya yi tawaye. Bai ba da wa'adi ba, bai gabatar da buƙata ba, ya dai tsunduma yajin aiki. Na zaɓi takarda ne saboda a waya muryata ta koma ta agwagwa, har ranar da na kira ki kika yi ta tambayar wa ke magana.

Da na buɗe ido da asuba ake farawa. Atishawa a jere, hanci yana zuba kamar famfon da aka manta, ido ja yana ƙaiƙayi, har can cikin maƙogwaro. Ba zazzaɓi, ba ciwon jiki. Jiya bayan an yi sallama a masallaci na yi ta farko, na ce alhamdulillahi, sahu duka ya amsa min da yarhamukallahu. A ta biyu rabin sahu ne. Da abin ya ƙi tsayawa sai Liman ya juyo ya ce in je gida, sun yi iya nasu. Na sha kafso na mura daga kemis har kati ya ƙare, a banza.

Amma ba a banza na tsufa ina koyar da tarihi ba, na san yadda ake gano mai laifi. Dogon yaron gidan maƙwabcina Irmiya ya yi fure, rassansa sun tsallako katanga, suna leƙen tagar ɗakin karatuna. A can nake kwana yanzu, tun da aka raba kayan gidanmu na Ƙofar Wambai na kwaso littattafan Baba da dardumarsa da tumtum ɗinsa na shirya su yadda suke a zaurensa. Kullum da safe sai uwargida Maman Salma ta share fararen furanni daga tsakar gida. Ga mai laifi, ga shaida, ga wanda aka zalunta. Abin da nake so daga gare ki shi ne ki sa hannu a hukuncin, ki aiko da sunan magani.

Ki gaishe da kowa. Na bar ki lafiya.

Wanki,
Abdulmuhaimin


Gombe
Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka, kuma na karanta musu batun Liman, ka yi haƙuri.

Abin da ka kwatanta ba mura ba ce, shi ya sa kafso bai yi maka komai ba, ka daina sha. Alaji ne: jiki ya ɗauki wani abu marar lahani a matsayin abokin gaba, sai hanci ya yi ta yaƙi da shi. Yana iya zama ƙurar fure, gaskiya ne. Yana kuma iya zama gashin kyanwa, ko fumfuna, ko abin da ke cikin tsofaffin shimfiɗu. Na sa maka magani iri biyu a cikin ambulan. Ƙwayar, ɗaya a rana, ba ta sa barci sosai. Na fesawa a hanci kuma kullum ne, kuma sai ya yi kwanaki kafin ka ji aikinsa, don haka kada ka fesa sau biyu ka ce ya gaza. Ka riƙa wanke hanci da ruwan da aka tafasa ya huce, da ɗan gishiri.

Hukuncinka kuwa ba zan sa masa hannu ba. Da yamma idan kuna dara da Malam Irmiya a gindin bishiyar, kana atishawa? Bara da ta yi fure, ka yi? Ka kwana a wani ɗakin na 'yan kwanaki ka ga abin da zai faru. In bai bayyana ba, akwai gwajin da ake yi a fatar hannu, nan Bauchi ma ana yi.

Kuma Yaya, ka san marigayiya Jemima, matar Malam Irmiya, ita ce ta dasa bishiyar nan shekarar da suka tare. Ina zuwa hutu gidanka ina ganin tana ba ta ruwan wanke-wanke, lokacin ba ta kai tsawon gwiwa ba. Kada ka ce wa mutumin nan komai kafin a gwada ka.

Ka gaida Maman Salma. Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarka,
Ni'ima


Fadaman Mada
Afrilu

Ni'ima,

Assalamu alaikum, ina fatan kuna lafiya. Saƙonki ya iso, magani yana nan a kan tebur, ina girmama shi daga nesa.

Kin ce kada in ce wa Irmiya komai, ban kuwa ce ba. Ina so ki riƙe wannan kafin ki karanta sauran.

Kin san majalisarmu ta bayan la'asar a ƙofar shagon Alhaji Sabitu. Aka tambaye ni me ya sami idona, ni kuma kin san halina idan na sami masu sauraro. Na yi musu lacca kan ƙurar fure, yadda iska ke ɗauke ta, yadda take shiga hanci, har da kalmomin da na tsinta a wasiƙarki. Na nuna bishiyar da yatsa. Na ji daɗin yadda suka yi shiru. Ban roƙi kowa komai ba.

Ashe washegari Alhaji Sabitu ya ɗauki Mai Unguwa da Liman suka yi sallama a gidan Irmiya. Ki yi tunani: gidansa ne kaɗai na Kirista a layinmu, dattawan unguwa uku sun cire takalma a ƙofarsa, suna magana a hankali kan haƙƙin maƙwabtaka da lafiyar Malam. Rassa kawai suka nema a rage, in ji su. Shi kuma ya saurara har suka gama, ya ce, “Malam ya fi bishiya.” Suka sa masa albarka suka fito suna yabon halinsa.

Ranar Asabar na ji ƙarar injin yankan katako. Ina cikin ɗaki, na tashi, na sa hula, na kai har bakin ƙofa. Sai na tuna laccar da na yi, da fuskokin da suka saurare ni, na ce ai rassa ne. Na koma na zauna na buɗe littafi. Ban san abin da na karanta ba. Da na fito da azahar sama ta buɗe a kan katanga, kamar an cire wa layin hula. Bai rage rassa ba, Ni'ima, daga gindi ya sa aka sare.

Da yamma ya raba itacen gida-gida kamar yadda ake yi. Namu kason ya fi na kowa, shi da kansa ya turo shi a baro. Maman Salma ta karɓa ta yi godiya, ta sa aka jera shi a ƙarƙashin tagata, ba a kicin ba. Tun ranar tana zuba min abinci kamar mai ba baƙo.

Ba ni na sare ba. Na rubuta wannan jimla na duba ta, nahawunta daidai ne.

Ki huta lafiya.

Abdulmuhaimin


Fadaman Mada
Yuni

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na ga ba ki amsa waccan ba, na kuma fahimci amsar.

Atishawa ba ta tsaya ba. Furen dogon yaro ya ƙare a garin nan kaf, ruwa ya sauka, ita kuwa sai ma ƙaruwa. Katangarmu gajera ce, ana jin tari daga wancan gefe, don haka wanki, mai furfura, wanda ya koyar da rabin ma'aikatan sakatariya, ya koma da zarar ya ji atishawa tana zuwa sai ya ruga banɗakin baya ya toshe fuska da tawul. Domin kullum da safe Irmiya yana tsayawa a ƙofarsa ya ce, “Malam, yaya hanci?” Ni kuma in ce da sauƙi sosai. Wata safiya ya gyaɗa kai ya ce, “To, ba ta faɗi a banza ba.” Na shiga gida na zauna a kan itacen.

Daga ƙarshe na je gwajin. Suka ɗiga min abubuwa a hannu suka ɗan tsattsaga fata. Wurin furannin itatuwa lafiya lau, ko ja bai yi ba. Wuri ɗaya ne ya kumbura kamar cizon cinnaka. Likitan ya ce wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani, suna zaune a tsofaffin dardumomi da matasai da ƙurar littattafai, damina kuma ita ce kakarsu. Ya tambaye ni ko akwai wani tsohon kaya da na shigo da shi ɗakin kwana kwanan nan. Na ce zan bincika.

Na bar ɗakin karatu. An wanke dardumar Baba an shanya ta a rana an naɗe, tumtum ya tafi sito, littattafai sun shiga kabad mai gilashi bayan an goge su da ɗanyen tsumma. Zanin gado da ruwan zafi ake wanke shi, ɗaki kuma gogewa ake yi, ba shara ba. Ina fesa maganinki kullum. Yanzu ina jin ƙamshin miya, ina zama a masallaci har a shafa addu'a. Kin yi gaskiya, ki rubuta a inda kike rubuta irin wannan.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Irmiya ya daina zama waje. Ba inuwa, kuma allon dara yana jingine a baranda, ruwa ya fara cin sa. 'Yarsa Felicia ta zo daga Jos, na ji ta ta katanga tana cewa me ya rage masa a gidan nan, ya zo ya zauna da su. Da can yakan ce ba zai bar abin da uwarta ta dasa ba. Wannan karon an fara ɗaure kaya.

Yanzu idan ya tambaye ni hanci, na ce da sauƙi, gaskiya na faɗa. Zai tafi yana ganin bishiyar matarsa ta sayi lafiyar maƙwabcinsa. In na buɗe baki, wannan ma na ƙwace masa. Ba alheri ba ne in yi shiru? Ina tambayarki ne a matsayin likita, ko da yake na san ba a koyar da wannan a makarantarku.

Wanki,
Abdulmuhaimin


Gombe
Yuni

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na yi murna da sauƙin da ka samu. Ka ci gaba da fesawa ko da ka ji garau, kuma ranar da za a taɓa littattafan ka rufe hanci ko ka bar gidan.

Ban amsa waccan ba ne saboda abin da zan rubuta a lokacin bai dace ƙanwa ta rubuta wa wanta ba.

Ka tambaye ni ko shiru alheri ne. Alheri ga wa? A majalisar Alhaji Sabitu har yau an san cewa bishiyar Malam Irmiya ce ta kwantar da kai, sai da dattawa suka je kafin ya sare. Da wannan sunan zai bar unguwar da ya zauna tun ban yi aure ba. Kuma kana zaton katangar da ake jin tari ta cikinta ba a jin gudun babban mutum zuwa banɗaki? Mai yiwuwa ya daɗe da sani, yana tambayarka ne kullum ko za ka faɗa.

A gaban mutane ka yi laccar, Yaya. A gabansu za ka gyara. Sauran kuma tsakaninka da shi ne.

Ina gaishe ka da girmamawa, kamar kullum.

Ni'ima


Fadaman Mada
Yuli

Malam Irmiya, maƙwabcina,

Ina gaishe ka, ina gaida Felicia. Za ka yi mamakin takarda daga mutumin da katanga ce kawai tsakaninku. Na zo ƙofarka jiya da shekaranjiya don in faɗa da baki, na ɓige da tambayarka ruwan sama.

Ba dogon yaron ba ne. An gwada ni a asibiti, ciwon daga ɗakina yake, daga kayan da na kwaso da hannuna. Bayan an sare bishiyar na daɗe ina atishawa ina ɓoye maka, ina ce maka da sauƙi. Ranar da aka kawo inji kuma ina gida, na ji, na iya fitowa ban fito ba.

Yau bayan la'asar na faɗi duk wannan a ƙofar shagon Alhaji Sabitu, Mai Unguwa da Liman suna zaune. Ba wanda ya yaba laccar.

Ban san ko tafiyarka ta tabbata ba, ba ni kuma da bakin cewa ka zauna. Gobe da hantsi zan sake yin sallama. In ka buɗe, zan shigo. In ba ka buɗe ba, ba ka yi laifi ba.

Bishiyar Jemima ba ta yi min komai ba. Ni na yi kuskure.

Naka,
Abdulmuhaimin