Iskar da ke cikin tsamiyarmu ni ce

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, in Baba ya gani da fatar bayana za a ɗinka ganga. Don Allah ku ba ni shawara, na jiƙa abin da ba zan iya shanyewa ba.

Ni yarinya ce, shekarata sha shida, ina makarantar sakandare a Kaura, hutu ya kawo ni ƙauyenmu can gefen Banga wurin kakata, Inna muke ce mata. An kawo mana aikin rijiyar burtsatse mai sola, mai jagorantar aikin wani ɗan Indiya ne, kowa Injiniya yake ce masa. Yana ɗan tsintar Hausa, irin wadda in ya gaishe ka sai ka tsaya ka duba ko zaginka ya yi. Kusa da inda suka kafa injin akwai wata tsohuwar tsamiya mai kogo, duk garin an san ba a zama gindinta da tsakar rana, Inna kuma duk Alhamis tana ajiye nono a wata 'yar ƙwarya a can, yadda ta ga uwarta tana yi. Malamai kar ku taso mini, ban ce daidai ne ba, labari nake ba ku.

Ranar farko Inna ta tarar da shi ya baje kujera a gindin tsamiyar, ta ce masa ɗana tashi daga nan, akwai iska. Ya washe baki ya ce ai saboda iskar ya zo, shi yana son iska sosai, ko'ina zafi sai nan. Wallahi ni ma sai da na yi dariya har cikina ya ƙulle. Da direbansu ya gaya masa ba iskar fanka ake nufi ba, mutanen ɓoye ne, sai abin ya zame masa wasa. Ya riƙa ƙwanƙwasa itacen yana sallama, yana kwaikwayon tafiyar Inna da sandarta, leburori na ta shewa. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya, ranar Alhamis ya ɗauki ƙwaryar ya kifar da nonon, ya zuba fetur ya wanke notikan injinsa a ciki. Ƙwaryar da ta girmi Babana! Inna ta ɗauko ta baƙi ƙirin tana warin mai, ta shige ɗaki, kwana biyu ko fura ta ƙi sha.

To ni ba a taɓa Inna a zauna lafiya. Na ari 'yar sifikar yayana mai bulutut, na tura kaina cikin tulu don murya ta yi kauri, na ɗauka a waya ina cewa, "Injiniyaaa, ina nonon 'ya'yanmu?" Da safe kafin su iso na cusa ta a kogon. Da rana ta take, leburori sun tafi cin abinci, shi kaɗai yana kishingiɗe yana shan iskar tasa, na laɓe bayan rumbu na danna. Jama'a ni na ɗauka 'yan Indiya rawa kawai suka iya. Mutumin nan ya tsallake kujera, ya tsallake duro, na rantse da rumbun ya tare masa hanya shi ma tsallake shi zai yi. Takalmi ɗaya ya bari, ya kulle kansa a mota yana kiran sunayen da ban taɓa ji ba. Ashe shi ma a garinsu kakarsa tana da irin wannan itacen, direba ya faɗa daga baya.

Nan daɗin ya ƙare. Yau kwana huɗu yana Kaura wai zazzaɓi, ya ce ba zai dawo ba sai an sare tsamiyar. Aiki ya tsaya, mata sun koma ɗibar ruwa rafi, kuma kun san halin da hanyoyin dajinmu suke ciki, kowa ta fita sai an yi ta addu'a har ta dawo. Mai unguwa ya kira Inna gaban mutane, aka ce ita ta turo masa iskokinta, ta hana gari ruwa saboda ƙwarya. Matan da ke kawo mata jarirai ta shafa musu kai yanzu janye su suke yi in ta gifta. An tsayar da magana, Juma'a bayan an sauko masallaci samari za su sa wa itacen gatari.

Abin da ya fi ɗaure ni, Inna ba ta musa ba. Murna ma take yi. Ranar da Injiniya ya gudu ta tashi ta cinye malmala biyu ta tuwon dawa, ta kama hannuna ta ce, "Kin gani ko ɗiyata? Na san ba su barin ta kwana." Ta yaya zan kalli idonta in ce Inna ba su ba ne, ni ce da sifikar Yaya?

In na faɗa, zan sha bulala, wannan na saba, amma Inna ta zama abin dariya karo na biyu, shi kuma ya dawo yana taƙama bai ba ta haƙuri ba. In na yi shiru, a sare tsamiyarta, sunan da aka liƙa mata ya bi ta har kabari. Kuma kar in yaudare ku, zuciyata ba ta huce ba, har na ɗauki murya ta biyu mai cewa duk wanda ya sa gatari sai ya kwana a kwance, kuma Injiniya ya zo ya durƙusa gaban tsohuwa da sabuwar ƙwarya. Sifika tana nan cike da caji.

Ku gaya mini, in tona kaina, ko in bar iska ta sake magana sau ɗaya kafin Juma'a? Takalminsa dai yana ƙarƙashin gadona, kuma ko wace shawara kuka ba ni, da ƙafa ɗaya zai koma Indiya in bai ce wa Inna ta yi haƙuri ba.