Zoben Inna

Daren Alhamis, Kurfi

Sai da na ga Gwaggo Hajara tana ƙulle zoben Inna a bakin zanenta, na gane ta cire shi daga kayan sa ranar ƙanena Sadiku. Wai ba a kai wa amarya kayan mamaci.

Na ce, "Gwaggo, Inna da bakinta ta ce na matar autanta ne."

Ta ce, "Wata huɗu da rasuwarta har kin yi baki?"

Na miƙa hannu, ban sauke ba sai da ta kwance. Na karɓe shi.

Tun kakarmu zoben nan yake, kuma ran Asabar zai je gidan su amarya a Dutsin-Ma ko da ni kaɗai ce zan kai shi. Lu'ulu'un yana ɗan motsi, ban kai wa maƙeri ba tukuna.