Lambu Na Ji, Ashe Lambatu Aka Ce

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Tasalla.

Assalamu alaiki. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Bayan haka, Inna, shekara biyu ke nan da rasuwarki, sai yanzu na gamu da abin da na kasa riƙewa ni kaɗai. Na tafka wauta a gaban mutanen lungunmu kaf, kuma lambunki ne zai bushe saboda ita in ban tashi tsaye ba.

Bari in fara da abin da kika sani, don ba duk masu jin takardar nan ne suka san ki ba. Da ƙafa kika zo Makka daga ƙasar Katsina, kika haife ni a nan bayan unguwar Misfala, kika ciyar da mu da wankau. Ruwa a garin nan sai mutum ya hawo da garwa biyu a kafaɗa daga bazan, inda ake ɗiba, gumi na zuba masa. Shi ya sa ba ki taɓa yarda a zubar da ko moɗa ɗaya ba.

Ramukanki uku suna nan a bayan ɗaki, na tsakuwa, na yashi, na gawayi. Ruwan farko mai kumfa gindin kurna kike kai shi, kin ce ita ba ta da ƙyanƙyami. Ruwan ɗauraya kuwa ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya fito garau, ya shiga yakuwa da rama da lalo. Matan lungu masu wankau, kowace ta gama sai ta ɗauko ɗaurayarta ta juye a raminki, ta tsinki ganyen miya ta koma.

Ina tuna ranar da ƙiwuya ta sa na watsar da ɗauraya a ƙofar gida. Ba ki dake ni ba. Tsayar da ni kika yi a rana ina kallon ƙasa har ta shanye shi tas, sannan kika ce, "To, wa ya ƙaru?" Na fi son duka da wannan tsayuwar.

Bara wani Bakano, Alhaji Sule, ya kama gidan da ke bakin lungu. Mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba, sai dai irin mutanen nan ne da ba sa iya barin abu yadda suka same shi. A mota da jirgin ruwa ya zo, ba irin tafiyarku ba, ya kuma zo da wata Hausa sabuwa fil. Kin san yadda ruwan wanka da na wanke-wanke ke kwanciya a tsakiyar lungu. Sauro ya addabe shi, jikarsa ta kwanta zazzaɓi, sai ya tara mutane bayan la'asar, maza a ƙofarsa, mu mata a bayan katanga. Ya ce a haɗa hannu a yi wa lungu lambatu, ya bi ta gefen gidanmu tunda nan ne gangare, duk ruwan gidaje ya bi ta nan.

Inna, ni lambu na ji. Na ɗauka haka Kanawan yanzu ke kiran babban lambu. A bakinki na koyi Hausa, ke kuwa kin baro gida tun kafin wannan kalma ta shigo. Farin ciki ya rufe ni, na ce ashe Allah Ya kawo mai raya aikin Inna. Ban jira an tambaye ni ba, na ɗaga murya na ce na ba da gefen gidan, har na ƙara da cewa a faɗaɗa shi sosai. Liman ya shaida, aka shafa fatiha.

Ƙawarki Goggo Asabe tana ta zunguri na da gwiwar hannu, na ɗauka murna take taya ni. Ita ma ba ta san kalmar ba. Daga baya ta ce mini ita dai ba ta taɓa ganin ɗan kasuwar Kano ya tara jama'a a kan yakuwa ba.

Bayan kwana uku masu haƙa suka zo da diga da shebur. Ni kuma na fito musu da irin rama a ƙulle a gefen mayafi, ina tambayar ta ina za a fara shuka. Dariyar da suka yi har yanzu tana kunnena. Alhaji ne ya tausaya mini ya yi bayani, ya ce lambatu magudana ce, za a jera mata duwatsu ta kwashe duk ruwan lungu ta kai kwarin da ambaliya ke bi, daga can ya nufi teku. Nan take na ga abin da na yi. Wace mace ce za ta ɗauko baho ta kawo bayan ɗakina alhali ga magudana a ƙofarta? Wankina ni kaɗai ba zai shayar da ko rabin lambun ba. Na shiga ɗaki na yi kuka, rabi don ke, rabi don kunya.

Goggo Asabe ta ce in je wurin liman in ce ban fahimta ba, a warware. Na yi ta juya maganar, na ga ba zan iya ba. An shafa fatiha a kan maganata, kuma ban taɓa ganin kin janye taki ba. Ban da haka, Alhaji yana da gaskiya. Lungun yana wari, jikar tasa kuwa da kyar ta tashi.

Sai na saka mayafi na sami Alhaji. Na ce na yi alkawarin ruwa zai bi ta gefen gidana, amma ban yi alkawarin inda zai ƙare ba. A haƙa lambatu yadda yake so, sai dai ya ƙare a ramukanki maimakon kwari. Ya ce rami uku ba za su shanye ruwan lungu guda ba, balle lokacin Hajji da wanki ke taruwa kamar tudu. Na ce zan ƙara. Ya ce zai bar ƙarshen ba a haƙa ba har alhazai su watse. "Amma Hajiya," in ji shi, "in ruwa ya kwana a bayan ɗakinki ko sau ɗaya, zan fasa shi zuwa kwari, ba kuma za ki ce uffan ba. Wannan karon kin dai ji abin da na ce?" Na sa shi ya maimaita da Larabci kafin na amsa.

Tun daga ranar ban huta ba. Ramukan sun zama bakwai, da hannuna na haƙa huɗun. Yashi daga unguwar Kudai nake ɗauko shi a kan jaki, gawayi kuwa masu gahawa da masu burodi ke tara mini ragowarsu. Na bi gida gida ina roƙon mata kada su zuba ruwan kumfa a lambatu, su kai gindin sababbin kurna da lallen da na dasa a bakin lungu. Biyar sun yarda. Biyu sun ce su ba barorin yakuwa ba ne, na ce Allah Ya kai mu ranar da za su nemi ta miya.

Satin farko na kusa faɗuwa. Ke ɗauraya kawai kika sani, ni kuwa har da ruwan wanke-wanke ke zuwa mini, maiƙo ya toshe yashin, ruwa ya tsaya cak yana harara ta. Da guga na kwashe shi kafin magariba. Goggo Asabe ce ta ce in cusa ƙaiƙayi a buhu in toshe bakin lambatun da shi, ya riƙa kama maiƙon, kullum da safe in canza. Ya yi, Inna. Da kina nan da kin ce ai tun farko ya kamata in gane.

Yanzu alhazai sun cika gari, saura kwanaki a hau Arfa. Suna dawowa daga Mina haramai za su zubo mana, kowane gida baho zai kai yamma bai huta ba. Wannan ce jarrabawar. Bana na ce wa masu sayar da abincin da nake taya aiki a Mina duk shekara su nemi wata, ba ni zuwa. A bakin ramin zan yini, abin da yashi ya kasa sha in ɗebe shi da guga in kai gindin bishiya, ko hannuwana za su tsage. In kuma ya fi ƙarfina ya kwana, ni da kaina zan miƙa wa Alhaji diga, don haka muka yi da shi.

Ba dariyar mutane nake tsoro ba, wannan na riga na sha. Kin san kaburburan Ma'ala ba su da alama, mu mata kuma ba ma shiga. Ban san inda aka sa ki ba, Inna. In kewarki ta taso mini, bayan ɗaki nake zagawa in tsuguna a cikin ramar nan, nan ne kaɗai nake da shi. Shi ya sa ba zan bari ruwan nan ya kwana ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya sanyaya makwancinki, Ya shayar da ke daga Alkausara. Ni kuma Ya ƙarfafa mini baya da hannuwa har alhazai su watse. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Hauwa.